Ba Modu da Buhu Huɗu na Rufin Asiri

Ina kan rufin wani gida a Mamudo, guduma a hannu, ƙusa a baki, sai waya ta fara ƙara a aljihuna. Duk wanda ya san ni ya san ba na amsa waya in ina sama. Ta katse ta sake, ta katse ta sake. Da na ga mai kiran ba shi da niyyar haƙura, sai na zauna a kan katako na duba, na ga sunan Bukar, babban ɗan Ba Modu birkila. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya ce, "Baba Buba, kana sama ne ko kana ƙasa?" Na ce ina sama. Ya ce, "To ka sauko tukun, ina jira." Tun daga nan na san ba lafiya ba, domin wannan ba maganar Bukar ba ce, dokar ubansa ce: ba a ba mutum labari yana kan tsani. Na sauko a hankali, na ce masa ƙafata ta taɓa ƙasa. Ya ce, "Baba ya cika." Na ce daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Na yi ta maimaitawa har mai gidan da nake wa aiki ya zare gudumar daga hannuna ban sani ba.

Ciwon bai ja shi ba. Da hantsi ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya kwanta a tabarma a inuwar dogonyaron ƙofar gidansa, kafin a samo abin hawa rai ya yi halinsa. Na iso Potiskum ana shirin yi masa salla.

Ni kafinta ne, Bafulatani. Mahaifina ya sayar da ragowar shanunsa ya zauna a gari tun ina ƙarami, na tashi da zarto maimakon sanda. Ba Modu kuwa Babarbare ne, kuma wanda ya san tsakanin Fulani da Barebari ya san ba ma gaisawa sai da tsiya. Bai taɓa kirana da sunana ba sai in ransa ya ɓaci. Kullum "Fulata". Yakan ce, "Fulata, da ka yar da sanda ka ɗauki guduma, shanu sun huta, katako ya shiga uku." Ni kuma in ce masa shi bawa ne da kakana ya manta a kasuwa, ranar da na tashi zan zo in ɗauki abina. Haka muka yi aiki tare tun gashin kanmu yana baƙi har ya yi fari. Ni nake kafa katakon da zai riƙe kankare, shi yake zubawa. Aikinsa ba ya tsayawa sai a kan nawa, nawa kuma ba shi da amfani sai da nasa. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san ba daga nesa na san mutumin ba.

Tsakanin unguwarmu da maƙabarta akwai wani kwari. Da rani yashi ne kawai da sawun awaki, amma da damina in ruwa ya sauko, babban mutum ba ya tsayawa a cikinsa. A kan wannan kwarin muke gina kwalbati ta aikin gayya, kuma Ba Modu ne uban aikin. An gama bangon gefe biyu, na kafa katako a kai, an ɗaure rodi, zubin kankare kawai ya rage. Da muka iso wurin da makararsa, wasu matasa suka ce a bi da shi ta kan katakon, tunda aikinsa ne, ya zama shi ya fara hawa. Niyyarsu mai kyau ce, amma na hana. Rodin da aka ɗaure in aka tattaka shi gocewa yake, kuma da mai makarar zai iya magana, da ya riga ni hanawa. Muka gangara cikin kwarin da shi, na gaba suna sunkuyawa, na baya suna ɗaga hannu sama don kada ya zame, muka haura ɗaya gefen da ƙyar. Ban yi kuka a gidansa ba, ban yi a wurin salla ba. A cikin kwarin nan na yi, ina kallon katakona daga ƙasa.

Ba Modu ba mai yawan wa'azi ba ne. Halinsa a hannunsa yake. In an gama zubi, kafin ya wanke nasa hannun sai ya bi leburori ɗaya bayan ɗaya ya duba tafinsu, wanda siminti ya ci wa fata ya sa a shafa masa man gyaɗa. Ya sa a kawo nono kowa ya sha saboda ƙurar da aka shaƙa, yana cewa wannan kaɗai ne amfanin Fulani a duniya. In ruwan farko ya sauka, washegari za ka gan shi a kan tsohon kekensa yana zagaya gidajen da ya yi wa dakin, wato rufin kankare, ba wanda ya kira shi. Ya yi sallama, ya shiga ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya shafa bango, ya fita. Wasu masu gidajen har sun manta da shi, shi bai manta da rufinsu ba.

Yana da taurin kai, kada in ɓoye. Mun sha yin kwanaki ba ma magana saboda ya ce katakona ya karkace da faɗin ɗan yatsa. Kuma akwai abin da uwargidansa, Ya Falmata, ta daɗe tana kuka da shi. Dokin ƙofar ɗakinta ya fashe shekara da shekaru, har jikoki sun saba tsallake wurin. Duk lokacin da ta yi magana sai ya ce, "In siminti ya yi saura." Alhali kuwa kowane aiki sai ya yi saura, don da gangan yake sa ya yi. Amma ko rabin buhu ne, sai ya sa a ɗaure bakinsa a mayar wa mai aikin. Yakan ce, "Saura na mai shi ne." Na sha ce masa ya sayi buhu ɗaya ya huta da gorin mata, ya ce zai saya, sai wani aikin ya taso. Gidan magini kenan.

Abin da aka fi saninsa da shi a garin nan shi ne ƙiyasin siminti. Mutane suna cewa ido gare shi, amma ni da na tsaya kusa da shi na san ba ido ba ne, haƙuri ne. Kuma na san inda abin ya samo asali. Muna matasa aka kai mu Gadaka zubin dakin na wani shago. Ba Modu ya duba siminti ya ce bai kai ba. Mai shagon ya rantse cewa ragowar tana hanya, mota ta riga ta taso, kafin mu kai rabi ta iso. Muka fara. Muka kai rabi, muka wuce, buhu na ƙarshe ya ƙare, mota ba ta zo ba. Sai bayan kwanaki ta iso, lokacin zubin farko ya riga ya bushe. Muka ƙarasa, amma sabo da tsoho ba su haɗu ba. Tsaga ta fito a daidai inda muka tsaya, kamar an ja layi, kuma damina ba ta taɓa zuwa ba ta bi ta wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake. Duk sanda hanya ta bi da mu ta Gadaka, in mun zo daidai shagon nan Ba Modu kau da kai yake. Daga ranar ya kafa dokarsa: "Buhun da ke hanya ba ya cikin lissafi." Ba ya taɓa shebur sai ya ga siminti gaba ɗaya a jibge a gabansa.

Ga yadda yake yi. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya tsayar da kauri. Ya san iya wurin da buhu ɗaya zai rufe a kowane kauri, in an haɗa shi da yashi da tsakuwa yadda ya kamata. Sai ya ɗauki gawayi ya hau kan katakona ya zana layuka, a tsaye da a kwance, ya raba wurin gida-gida. Yakan ce, "Kowane buhu da ɗakinsa." Mai aiki ko bai taɓa shiga aji ba zai iya tsayawa ya ƙirga ɗakunan da kansa, ya san abin da zai saya, babu zargi, babu gardama. Ni kuma in buga ƙusa a katakon gefe a bakin kowane layi, don in kankare ya rufe zanen a ci gaba da ganin iyaka. Ana zubi yana duba buhunan da aka zazzage, yana duba ɗakunan da suka cika. In ɗakuna sun fi buhuna, ya san masu kwaɓi sun fara cika yashi, sai ka ji muryarsa. Bayan ya gama ƙirga kuma sai ya ƙara wasu a kai, saboda katako yakan buɗe, kwano yakan zube, wani lungun yakan ci fiye da rabonsa. Waɗannan su yake kira na rufin asiri.

Kwalbatin nan ma haka ya yi mata. Tsawo ƙafa ashirin, faɗi goma sha biyu, kauri inci takwas, domin ya ce ba mutane kaɗai za su hau ba, har amalanken shanu da tifar yashi. Haɗin kuma mai ƙarfi: buhu ɗaya, kwanon sarki uku na yashi, shida na tsakuwa. Ya zana layi shida nan, shida nan, ɗaki talatin da shida. Ya ƙara huɗu na rufin asiri, ya ce arba'in, ba ya rage ko ɗaya.

Dalilin da ya ɗora wa kansa wannan aiki kowa a unguwa ya sani. Wata damina da ta wuce mun ɗauko gawar wani dattijo maƙwabcinmu, muka tarar kwarin ya cika yana ambaliya. Muka ajiye makara a bakin ruwa muka tsaya, yayyafi yana sauka a kan likkafani, 'ya'yan mamacin suna riƙe da tabarma a kansa. Mun daɗe a tsaye kafin ruwan ya ja. A hanyar dawowa Ba Modu bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Da muka zo rabuwa ya ce, "Buba, wannan abin kunyarmu ne, ni da kai. Muna da hannu." Da ya kira sunana na san maganar ta zauna.

Rani guda ana tara siminti, wannan ya kawo buhu, wancan ya haɗa da ɗan'uwansa su kawo ɗaya. Alhaji Sani, ɗan kasuwa ne da iyayensa suka zo daga Kano, shi ne shugaban aikin, kuma a shagonsa aka jibge buhunan, goma-goma hawa huɗu, a kan katakon da na shimfiɗa. Arba'in ɗin sun cika, Ba Modu ya gani da idonsa, aka sa ranar zubi. Bai kai ranar ba.

Washegarin jana'izarsa ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi kuwa. Muna zaman makoki ba wanda hankalinsa ya je kan shago. Bayan sadakar uku Alhaji Sani ya tara mu ya ce a yi zubin nan da gaggawa, domin ruwan ya bi ta kwarin har ya girgiza sandunan da suka tokare katako. In babba ya zo, zai tafi da katakon da rodin gaba ɗaya. Aka buɗe shago, aka ƙirga, arba'in cif. Jama'a suka yi hamdala. Ni kuwa sai na tuna Ba Modu ba da ido kaɗai yake ƙirga ba. Kowane buhu sai ya dunƙule hannu ya danna shi. Na sa aka sauke su ina dannawa. Hawa uku na sama suka amsa hannu, laushi kamar gari. Da na zo na ƙasa sai hannuna ya dawo mini. Ruwa ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya haura katakon, goman nan duka sun zama dutse.

Alhaji Sani ya daɗe yana kallonsu. Na ga abin ya dake shi, don shagonsa ne. Sannan ya ce, "Malam Buba, ƙaddara ta riga fata. Amma talatin ai ba kaɗan ba ne. A ɗan ƙara yashi, a rage kaurin da inci ɗaya, wa zai gane?"

Na ce, "Tifa za ta gane, Alhaji."

Wani ya ce a farfasa busassun a daka a turmi a tankaɗe, ai siminti siminti ne. Na gaya masa abin da na ji daga bakin marigayi ba sau ɗaya ba: "Siminti sau ɗaya yake kamawa. In ya kama a cikin buhu, ba zai sake kamawa a gini ba."

Alhaji Sani ya nuna gabas da hannu, inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce, "Dubi can. Jama'a sun yi iya yinsu, yanzu taki da iri ne a gabansu, da wane baki zan sake komawa in ce a kawo? In muka tsaya jiran goma, ruwa ya kwashe aikin, mun yi biyu babu. Shi kansa marigayin ba zai so haka ba."

Gaskiya ce a bakinsa, kuma na san gaskiya ce. Tsoro ya kama ni sosai, domin in na hana kuma ruwa ya tafi da komai, ni za a nuna har in mutu. Amma na ga tsagar Gadaka da idona, kuma waccan rufin shago ce, in ta yi yawa kaya su jiƙe. Wannan kuwa mutane ne za su bi ta kai, da yara, da makara. Na ce, "Alhaji, da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kun ce da talatin za ku zuba, ku ba ni yau in cire katakona, ku nemi wani kafinta." Ban taɓa yi wa Alhaji Sani magana irin wannan ba, kuma har aka watse bai sake duban inda nake ba.

Da yamma Ya Falmata ta aiko Bukar ya kira ni. Tana cikin takaba, don haka na zauna a tsakar gida, ita tana daga cikin ɗaki bayan labule, fasasshen dokin ƙofar nan a tsakaninmu. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Buba, an ce ka tayar da rigima." Na ce haka ne. Ta ce, "Nawa ya ce?" Na ce arba'in. "Nawa ke nan?" Na ce talatin. Sai ta kira ɗanta. Ta ce, "Bukar, ka bi duk wanda ya yi niyyar kawo wani abu na sadakar bakwai, shinkafa ne, mai ne, dabba ce, ka ce na gode, ya mayar da shi siminti. Abin da ke cikin rumbun gidan nan shi za a dafa."

Bukar ya ce wa uwarsa, "Ya, dangi za su zo daga nesa. Fataken kasuwar shanu sun riga sun ware bijimi. In aka zo babu nama, me za a ce da mu?"

Ta ce, "Kunyar tawa ce, ba taka ba. Tuwo in an ci da rana, kafin magariba an manta. Na zauna da ubanka tun ba ka zo duniya ba, ban taɓa jin ya ce arba'in ya koma talatin ba. Ba za a fara a bayan idonsa ba."

Wasu daga cikin dangi ba su ji daɗi ba, har aka kai maganar gaban liman. Liman ya ce hanyar da aka gyara wa bayin Allah sadaka ce mai gudana, ba ya ganin abin da ya fi wannan dacewa da mamacin. Daga nan gardama ta ƙare.

Ban taɓa ganin sadakar bakwai irin wannan ba, kuma ba na jin zan sake gani. Mutane suna zuwa addu'a da manyan riguna, kafaɗa ta yi fari da ƙurar siminti. Wani a bayan babur, wani a baro. Fataken kasuwar shanu, waɗanda Ba Modu ya gina wa kwamin shayar da dabbobi, suka turo amalanke da buhu biyar a madadin bijiminsu. Matan unguwa suka haɗu suka kawo ɗaya. Alhaji Sani ya zo da biyu, ya sauke da kansa, ya wuce bai dubi inda nake ba. Ina tsaye a ƙofar gida, duk buhun da ya sauka sai na danna shi da hannu. Wani tsohon Babarbare ya kalle ni ya ce, "Ikon Allah, yau Fulata ya gaji Babarbare." Aka yi dariya, wasu suna share hawaye.

Goma sha ɗaya suka zo. Ɗaya wani dattijo ne ya kawo, buhun da ya daɗe yana ajiye da shi don gyaran ɗakinsa, kuma gefensa ya fara tauri. Na karɓa da hannu biyu, na yi masa godiya, na sa shi gefe ba tare da ya lura ba. Daga baya mai kyan cikinsa ya yi mana matakala a gefen kwalbatin. Ba a kunyata mai kyauta, ba a kuma cuci gini. Haka na ga Ba Modu yana yi.

Washegari bayan sallar asuba muka fara. Ruwa ya wanke zanen gawayinsa, amma ƙusoshina suna nan a katakon gefe, a daidai inda ya nuna mini. Tsofaffin yaransa na aiki, waɗanda yanzu kowa yake da nasa yaran, su suka riƙe kwaɓi. Sauran jama'a suka yi layi, kwanon sarki yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Ni na tsaya inda yake tsayawa, ina duba buhunan da aka zazzage ina duba ƙusoshi. Sau ɗaya na ga ɗakuna suna neman wuce buhuna, na daka tsawa, har na ji kunyar muryar da ta fito daga bakina. Da azahar ta yi muka yi salla kashi-kashi kamar yadda ya saba sa mu yi, don kada shebur ya tsaya. Hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa, ba wanda ya ɗaga kai. Katako ya ɗan buɗe a kusurwar yamma ya ci fiye da rabonsa. Da muka cika ɗaki na talatin da shida, buhu talatin da takwas ne a ƙasa babu komai a ciki. Da a ce da talatin muka fara, ko an ƙara yashi, da a nan za mu tsaya muna kallon juna da ramin da bai cika ba. Alhaji Sani ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon biyun da suka rage. Ya ce, "Malam Buba, Allah ya jiƙan Ba Modu." Na ce amin, muka yi musabaha, magana ta wuce.

Hadarin ranar ya watse bai zubar ba. Babban ruwan da muke tsoro ya zo bayan kwanaki, ya cika kwarin, ya tafi da biyu daga cikin sandunan tokara. Kwalbatin ko gezau.

Matasa sun so su rubuta sunansa a kan kankaren tun yana ɗanye, na hana, domin shi bai taɓa sa sunansa a aiki ba. Yanzu haka da nake wannan rubutu na tare bakin kwalbatin gefe biyu da ƙaya, kuma ban cire katako ba. Kankare yana son a yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙarfi, shi ya sa duk ranar da sama ba ta zubar ba nake zuwa safe da yamma da bokiti. Masu keke da masu babur suna ta roƙona in buɗe musu, wai ai ya bushe. Ina sanar da su a nan, da su da duk mai jin haushina: ba zan buɗe ba sai lokacinsa ya cika. Wanda ya ga na cika taurin kai, ya san a inda na koya.

Buhu biyun da suka yi saura, jama'a suka ce a yi shawara a kansu. Na ce saura na mai shi ne, masu shi kuma ga su nan a zaune, su faɗi. Alhaji Sani ne ya ce, "Akwai wani dokin ƙofa da na ji labarinsa." Shi ya ɗauki ɗaya a kafaɗarsa, Bukar ya ɗauki ɗaya.

Ya Falmata ba ta ga kwalbatin ba, ba za ta gani ba sai ta fita takaba. Da muka yi sallama muka ajiye buhunan a tsakar gida, ta yi tambaya daga bayan labule. Ta ce, "Malam Buba, ya isa?" Na ce ya isa, har ya yi saura, ga shi jama'a sun ce a gyara mata ƙofa. Labulen ya ɗan motsa. Sannan ta ce, "Ashe da gaske yake. Ya ce in ya yi saura." Muka sunkuyar da kai. Da hannuna na kafa ɗan katakon dokin ƙofar, kuma na auna shi sau biyu, don na san wanda zai ce ya karkace.

Ya Allah, ga bawanKa Modu ya zo gare Ka. Mun shaida bai taɓa rage wa kowa awo ba, kada Ka rage masa. Ka cika masa mizaninsa, inda ya gaza Ka ƙara masa daga rahamarKa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa duk ƙafar da za ta taka kwalbatin nan, ta mai rai da ta masu ɗauke da mamaci, ta zama lada a gare shi. Ka ba Ya Falmata haƙuri da lafiya, Ka tsaya wa Bukar da ƙannensa, Ka haɗa kansu, kada Ka bar su su nemi abin rufin asiri a hannun kowa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, a haye da mu ba tare da an ajiye mu a bakin ruwa ba. Amin.